Jawabi a taron ƙungiya: yaranmu da suka dawo daga yaƙi

Assalamu alaikum. Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, ƴan uwa, sannunku da zuwa, na san wasu daga aikin dare suka wuto nan ko gida ba su leƙa ba, to ba zan ja ku da nisa ba.

Maganar yaranmu ce da suka shiga sojan Amurka, wasu suka je Iraƙi tun 2003, wasu Afghanistan har aka janye a 2021. Sun dawo da ƙafafunsu, mun yi hamdala mun yi walima, muka ɗauka shikenan. To da saura. Bam ɗin nan da ake binnewa a gefen titi, ko ɓaraguzansa ba su taɓa mutum ba, ƙarfin fashewar kaɗai yana girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙirga sojoji sama da 400,000 da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa tun shekarar 2000. Sai ka ga yaro kullum ciwon kai, mantuwa, kunne na ƙara, abu kaɗan ya fusata, ga firgicin yaƙin da likitoci ke kira PTSD ya hana shi barci, daren 4 ga Yuli da ake wasan wuta yana can ƙule a ɗaki.

Mu kuma me muke yi? Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce Amurka ta lalata shi. Amma wanda ya fi damuna shi ne tausayin da ke sa mu karɓe masa komai, Hajiya ta dafa, ƙanwa ta biya kuɗin haya, yaya ya tuƙa shi ko'ina, mutumin da ya jagoranci sojoji a bakin daga yau ko burodi ba a bari ya sayo. Wallahi da kyakkyawar niyya muke karya shi.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Stanford, Albert Bandura, tun 1977 ya yi bayani kan yardar mutum cewa zai iya, ya nuna abin da ya fi gina ta shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu, sai kuma ya ga wani irinsa ya yi. Lallashi da baki yana taimakawa amma bai kai waɗannan ba. Wanda ya cire rai da kansa gudun mutane yake, gudun kuma shi ke ƙara wa firgicin ƙarfi.

Don haka a ba shi aiki daidai ƙarfinsa. Ya jera kujerun taro, ya riƙe rabon naman layya na gida uku, ya sa wa kansa tunatarwa a waya maimakon Hajiya ta riƙa bin shi da tuni. In ya manta kar a yi masa gyara a gaban jama'a don Allah. Sannu ba ta hana zuwa.

Malamai ku gafarce ni, addu'a muna yi kuma za mu ci gaba, amma a haɗa da asibitin tsofaffin sojoji na VA, haƙƙinsa ne ba bara ba. Akwai kuma Vet Center, cibiyar ba tsofaffin sojoji shawara, inda ake tattaunawa da su har da iyali kyauta. In kuwa kun ji ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a kira layin agajin gaggawa na 988 a danna 1, ko da tsakar dare ne.

Wanda yake da irin wannan yaron a gida ya same ni bayan la'asar, kuma don girman Allah kar a sa sunan kowa a WhatsApp ɗin ƙungiya. Na gode.