Amsoshin Tambayoyinku: Babur ɗin da Ke Nutsewa Cikin Dusar Ƙanƙara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau wasiƙar farko daga nesa ta zo. Wani ɗanmu ne, haifaffen unguwar Birni, da aiki ya kai shi lardin Kebek na ƙasar Kanada. Ga abin da ya rubuto: "Na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, irin mai silalo biyu a gaba da ɗamarar roba a baya kamar ta katafila. A kan hanyar da aka daddaɓe lafiya lau yake tafiya, amma da na sauka cikin dusa mai zurfi sai ya tona rami ya zauna. Tsawon ɗamarar inci 121 ne, haƙoranta inci 1 da kwata. Abokan aiki sun ce in sa mai haƙora inci 2 da rabi. Mene ne shawararku?"

To ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ba ka manta da gida ba. Shawarata ita ce kada ka fitar da kuɗi tukuna, ka fara ɗauko abin awo.

Duk direban da ya taɓa bin rairayin hanyar Gure zuwa Tesker ya san ciwon da kake faɗa. In yashi ya yi laushi, sai ya sauka ya rage iskar taya don ta baje, nauyin mota ya rarrabu. Dusa mai zurfi ma haka take so. Abin da ke hana ka nutsewa shi ne yawan robar da ke kwance a ƙasa, haƙora kuma aikinsu shi ne ture dusar baya, kamar yadda ake tuƙa kwalekwale. Abokanka sun ba ka rabin magani. In ka sa dogayen haƙora a gajeriyar ɗamara, ramin ne za ka riƙa tonawa da sauri fiye da da.

Don haka tsawo ne farko. Inci 121 na masu bin hanya ne. Masu hawan duwatsu suna amfani da 154 har zuwa 165, wasu ma fiye, amma kai ba can za ka ba. Ka duba 136 ko 144. In ka je 144, ka ƙara inci 23 a zagaye, wato wajen santimita 29 na roba ke nan da zai ƙaru a kan dusa, tunda rabin ƙarin ne ke kwantawa a ƙasa. Sai dai dole ka ƙara wa ƙarafunan da ɗamarar ke zagayawa a kansu tsawo, ka kuma tsawaita rufin da ke bisanta, in ba haka ba dusa za ta riƙa zubo maka a baya, injin kuma ya rasa abin sanyaya shi.

Ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, ka saurara da kyau. A gaban ɗamarar akwai faifai masu haƙora da ke jan ta, kuma tazarar haƙoransu dole ta yi daidai da tazarar sandunan da ke cikin robar. Ɗamara mai inci 121 tazararta inci 2.52 ce, haka ma yawancin masu 136 da 144. Amma masu 137 da 146 tazararsu inci 2.86 ce. Ka gani, tsakanin 136 da 137 inci ɗaya ne kacal a baki, amma ɗaya za ta hau faifanka, ɗayar kuwa sai ka canja faifan duka. Kowane bakanike a kusa da Kasuwar Dole ya san abin da ke faruwa in an haɗa sarƙar babur da faifan da ba nata ba: tsalle za ta riƙa yi har ta cinye haƙoran.

Yanzu batun haƙoran robar. Ka kwantar da babur ɗin, ka auna sararin da ke tsakanin ɗamara da rufi, musamman a gaba, inda akwatin sanyaya ruwan injin yake. In haƙora suka fi sararin tsawo, za su riƙa bugun akwatin har ya huje, ruwa ya tsiyaye kana tsakiyar daji. Akwai dabarar samun sarari, wato a sa faifai ƙarami. Daga mai haƙora 9 zuwa mai 8 kana samun kusan santimita 1, kuma a lokaci guda ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin tara. A dusa mai zurfi wannan ciniki ne mai riba. Ka nemi irin faifan da haƙoransa ke shiga cikin tagogin ɗamarar, wato ramukan da ke jikinta, domin ba ya barin ta zame ko da nauyi ya yi yawa.

Ni dai da ni ne, tunda ka ce kana bin hanya ma, a haƙora masu inci 1.75 ko 2 zan tsaya. Haƙora masu inci 2 da rabi ko 3 ba sa son ƙasa mai tauri. In aka yi gudu da su a kan daskararriyar hanya suna ɗaukar zafi, su lanƙwashe, wasu su ɓalle. Sannan akwai wasu dogayen robobi masu santsi da ɗamarar ke gogawa a kansu, waɗanda dusa ce man shafawarsu. A hanya mai tauri dusar ba ta tashi, sai su narke. Maganinsa arha ne: wasu ƴan ƙarafa masu lanƙwasa da ake ɗaurawa a gefe, suna karce ƙanƙara suna watsa ta ciki. Kada ka raina su.

Abu na ƙarshe shi ne kuloci da bel. Wannan babur ba shi da giyar da ake sawa da ƙafa, faifai biyu ne da bel a tsakaninsu suke canja ƙarfi da kansu. Sabuwar ɗamara ta fi nauyi, tana kuma kama dusa da yawa, saboda haka injin zai ji a jikinsa. In ka buɗe wuta ka ga juyin injin bai kai adadin da littafin kamfani ya faɗa ba, ko ka ji ƙaurin roba, to sai an rage nauyin ƴan ƙarafan kuloci, ko a rage haƙori ɗaya ko biyu a faifan sama na akwatin sarƙar da ke kai ƙarfin injin ga ɗamara. Wannan ka kai wa gwani. Ka riƙa yawo da bel na ajiya, kuma bayan fitar farko ka sake duba ɗaurin ɗamarar, don sabuwar roba tana saki. Don Allah ƙanena, kada ka shiga dusa mai zurfi kai kaɗai, ka ɗauki shebur, ka gaya wa wani inda ka nufa.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce, direba a Gure, da ya ga irin wannan babur a waya. Yana tambaya ko zai yi aiki a rairayinmu. Alhaji, tunaninka ya yi daidai ta fuskar baje nauyi, amma ba zai yi ba. Dusar da ɗamara ke watsawa ita ke sanyaya ruwan injin yawancinsu, ita ke shafe robobin da na ambata. Yashi kuwa gugar su zai yi kamar dutsen niƙa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Ka riƙe dabararka ta rage iska, ita ta dace da ƙasarmu.

Sai wata malamar makaranta daga Mirya, ta ce ɗalibanta na son sanin wanda ya ƙirƙiro shi. Malama, mutane da dama sun gwada, amma sunan da ya fi fitowa shi ne Joseph-Armand Bombardier, bakanike daga ƙauyen Valcourt a Kebek. A 1934 ɗansa ƙarami ya rasu saboda dusa ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya yi rajistar fasaharsa ta faifai mai haƙora da ke jan ɗamara, wato abin da muka shafe wannan fili muna magana a kai, a 1959 kuma ƙaramin babur ɗin Ski-Doo ya fito kasuwa. A gaishe mana da ɗaliban.

Lokaci ya cimmana. Akwai wasiƙu biyu kan injin ban ruwa daga Magarya, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.