Mutum-mutumi da makomar masu aiki da injin walda

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau ya shafi wasu ma'aikata ne da ba a cika jin muryarsu ba, wato masu tsayuwa gaban injin walda a masana'antu. Aikinsu ya sha bamban da na mai walda da ke riƙe da sanda a hannu yana gyaran abin da ya karye. Su nasu shi ne su saita inji, su ɗora ƙarfe, su lura da wuta da zafi, su sauke, su sake ɗora wani, tun safe har a tashi. To irin wannan aiki na maimaici, wanda yau da gobe duk ɗaya ne, shi mutum-mutumi, wato injin da ke aiki da kansa bisa tsarin da aka yi masa, ya fi ƙwarewa a kai.

Maganar ta daɗe. A shekarar 1961 kamfanin General Motors ya girka wani hannun ƙarfe mai suna Unimate a masana'antarsa da ke jihar New Jersey a Amurka, wanda George Devol ya ƙirƙira. Da farko ƙarfe mai zafi yake ɗaukowa daga injin zubi. Zuwa 1969 sai ga irinsa an jera su a masana'antar kamfanin ta Lordstown a jihar Ohio, suna waldar jikin mota. Shekara uku bayan haka, a 1972, ma'aikatan wannan masana'anta suka tsunduma yajin aiki, saboda an ƙara wa layin haɗa motoci gudu har ana fitar da mota wajen 100 a sa'a guda. Kun ga ke nan tun daga farko, wanda inji bai kora ba ma sai da ya ji a jikinsa, domin da saurin ƙarfe aka koma auna ƙwazonsa.

Yau fa? Ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi ta duniya, IFR, ta ce a 2023 akwai sama da miliyan 4 da ke aiki a masana'antun duniya, kuma a wannan shekarar kaɗai an girka sababbi fiye da 500,000, rabinsu da ɗoriya a ƙasar Sin. A Koriya ta Kudu, kowane ma'aikata 10,000 na masana'antu akwai mutum-mutumi sama da 1,000 tare da su. Walda na sahun gaba cikin ayyukan da ake ba su. Jikin mota guda na ɗauke da dubban ɗigon walda, kuma a manyan masana'antun motoci kusan duka inji ne ke yi.

Masana sun sha bamban kan girman barazanar. A 2013 wasu malamai biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun nazarci sana'o'i 702, suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka na cikin babban haɗari. A 2016 wani nazari na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, OECD, ya sauko da adadin zuwa kashi 9 a ƙasashen ƙungiyar, bisa hujjar cewa sana'a guda ta ƙunshi ayyuka iri-iri, kuma ba duka inji ke iya ɗauka ba. Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken masana tattalin arziki Daron Acemoglu da Pascual Restrepo, domin su abin da ya riga ya faru suka duba, tsakanin 1990 da 2007 a Amurka. Sun gano cewa inda mutum-mutumi ya yawaita, guraben aiki sun ragu, albashi ma ya yi ƙasa. Wannan ba hasashe ba ne, mutane ne masu iyali abin ya faɗa wa.

Sai dai adalci ne a faɗi alherin da ke ciki. Walda aiki ne mai cin jiki. Hasken wutar na ƙona ido da fata, ga ciwon baya da wuya na durƙuso. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Idan inji zai shaƙi wannan hayaƙi a madadin ɗan Adam, ba mai hankalin da zai yi jayayya.

Kuma har gobe inji na da iyaka. Yana son a kawo masa ƙarfe a yanke daidai, a ɗaure shi daidai, a wuri mai tsabta. A kai shi ƙarƙashin tsohuwar gada, ko cikin lungun jirgin ruwa, ko gaban bututun da ya yi tsatsa ya tsage, nan za a gane darajar idon gwani da hannunsa. Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Yanzu ana haɗa wa injinan kyamara da hasken lesa da ke bin layin walda suna gyara kuskure da kansu. Tun 2008 kuma kamfanin Universal Robots na ƙasar Denmark ya fara sayar da ƙananan hannaye da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum, waɗanda ma'aikaci zai iya kama su ya nuna musu hanya. Abin da a da sai kamfanin mota ke iya saye, yanzu ya fara shiga ƙananan masana'antu.

Ga inda hankalina ya fi tashi, masu sauraro. Ƙungiyar masu walda ta Amurka, AWS, ta sha yin gargaɗin cewa ƙasar na buƙatar sababbin ma'aikatan walda fiye da 300,000 cikin 'yan shekaru masu zuwa, saboda tsofaffin hannu na ta yin ritaya. Da wannan ƙarancin ne masu masana'antu ke kafa hujjar sayen inji. To amma a ina gwani ke samun ƙwarewa? A kan wannan aikin maimaicin ne ɗan koyo ke gane launin ƙarfe idan ya narke, ya san ƙarar wuta idan ta yi daidai, ya gane walda mai rami tun kafin a gwada ta. Idan aka miƙa wa inji duk ayyuka masu sauƙi, an cire matakin farko na tsani ke nan, sannan a dawo ana kukan babu mai hawa sama. Shi kansa mutum-mutumin yana buƙatar wanda ya san walda ya tsara masa aiki, ya duba abin da ya yi, ya tsayar da shi idan ya fara ɓarna, domin inji in ya yi kuskure sau ɗaya, sai ya yi shi sau dubu kafin a farga.

Saboda haka nake ganin duk kamfanin da ya ware kuɗin sayen mutum-mutumi, wajibi ne ya ware na horar da ma'aikacin da ke tsaye a wannan gurbi, kuma a fara horon tun kafin injin ya iso, a cikin lokacin aiki, da albashinsa cikakke. Mutumin da ya shekara 20 yana saita injin walda ya fi kowa cancantar a koya masa sarrafa sabon. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan a rubuce cikin yarjejeniyarsu da masu kamfani. Makarantun koyon sana'a su ci gaba da koyar da waldar hannu, su haɗa da karatun zane, da binciken ingancin walda, da tsara wa inji aiki ta kwamfuta. Gwamnatocin da ke yi wa kamfanoni rangwamen haraji don sayen injuna kuwa, su gindaya sharaɗin cewa sai kamfani ya nuna yawan ma'aikatan da ya horar, da yawan 'yan koyon da ya ɗauka, kafin ya ci moriyar rangwamen.

A huta lafiya.