Majaujawar cokali: mu harba takarda, mu auna nisanta

Assalamu alaikum ƙannena. Duk yaron da ya tashi a Zariya ya san danƙo, wasu ma sun sha duka a kansa saboda gilashin tagar maƙwabta. Yau za mu haɗa ƙanwarsa, 'yar ƙaramar majaujawa da ba ta fasa komai. Ita babbar kun ji labarinta a Islamiyya, domin malaman tafsiri na cewa da ita aka jefa Annabi Ibrahim, alaihis salam, cikin wuta. Larabawa na kiranta manjaniƙ, kuma Girkawan birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisili sun ƙera na'urorin harbi irin nata tun shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ku nemo sandunan askirim guda biyu. In babu, a je kemis a sayo irin katakon da likita ke danne harshe da shi. Sai guntun karan dawa busasshe mai kaurin babban yatsa, robar ɗaure kuɗi guda uku, da cokalin roba.

Ku haɗa sandunan biyu, ku ɗaure bakinsu ɗaya da roba tamau. Ku buɗe ɗaya bakin kamar bakin kada, ku cusa karan a tsakiya a gicciye. Ku ɗaure cokalin a kan sandar sama, bakinsa ya leƙo waje ta ɓangaren da kuka buɗe. Shi ke nan.

Harsashinmu takarda ce da aka dunƙule. Ban yarda da tsakuwa ba, ban yarda a saita fuskar kowa ba. Ku danne sandar ƙasa da hannu ɗaya, ku danna cokalin da yatsa, ku saki.

To, me ya jefa takardar? Ƙarfin yatsanku ne. Da kuka danna, sandar ta lanƙwashe, robar ta miƙe, suka riƙe muku ƙarfin kamar ajiya. Kuna saki suka biya gaba ɗaya a lokaci guda. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa a 1678 cewa gwargwadon yadda ka ja abu mai miƙewa kamar roba, gwargwadon ƙarfin da zai dawo da shi, matuƙar ba ka wuce iyakarsa ba. In kun wuce, za ku ji ƙas, sandar ta karye.

Yanzu ga wurin da ya fi min daɗi. Da yawanku za ku ga takardar ta tashi sama ta dawo muku a ka. Ba ku yi kuskure ba, sandar ce ta kwanta da yawa. Ku tura karan ya matsa kusa da ɗaurin. Kun ga cokalin ya ƙara miƙewa? Ku sake harbawa. Yanzu takardar ta yi gaba, ta tsallake ɗaurin, ta zana baka a iska kafin ta sauka. Wannan bakan shi Galileo na Italiya ya yi bayaninsa a 1638: in ba iska, jifa ya fi nisa idan ya tashi a digiri 45, wato rabin hanya tsakanin kwance da tsaye.

Ku ari tef ɗin awo wurin Mama ko telan unguwa. Harbi uku a kowane matsayin kara, kuna rubuta nisan a littafi. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa a lokaci guda, in kun canza kara da takarda tare ba za ku san wanne ya yi aikin ba. Kuma ku yi a zaure ko cikin ɗaki, don iskar hunturun Zariya za ta iya kwashe takardar ta kai ta gidan maƙwabta, lissafinku ya rikice.

A bidiyo na gaba za mu sa murfin kwalba a madadin cokali, mu ga wanne zai fi kai takardar nesa.