Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar hoton tsirrai da waya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan makon yawancinsu kan hoton shuke-shuke ne, to mu shiga kai tsaye.

Na farko daga wata baiwar Allah a Zariya mai sayar da dashen zogale da furanni a WhatsApp, ta ce duk hoton da ta ɗauka sai ganyen ya fito fari fat, furen kuma ba a ganin komai a jikinsa, wai ko wayar ce ta tsufa ta sake wata?

Hajiya kar ki sake waya tukuna. Ina kyautata zaton da rana tsaka kike ɗauka, lokacin rana tana tsakiyar ka, saman ganye yana ƙyalli ƙasansa kuma inuwa baƙa ƙirin, sai kyamarar ta rasa wanne za ta bi. Ki gwada da sassafe, daga fitowar rana zuwa kamar awa 1, ko la'asar sakaliya, hasken yana zuwa ne daga gefe a hankali har ki ga jijiyoyin ganye ɗaya bayan ɗaya. In kuma dole sai da rana saboda mai saye yana jira, ki ɗauki tukunyar ki kai ta inuwar bango ko zaure kusa da ƙofa, ki sa yaro ya riƙe farin kwali ta ɗaya gefen ya mayar da haske wajen da ya yi duhu. Sannan ki taɓa furen a sikirin da yatsa, a yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ki ja ta ƙasa kaɗan, don fari irin na furen zogale da ja irin na soɓo su ne suka fi saurin ƙonewa a hoto. Ranar da aka tashi da hazo kuwa kar ki ce ba ranar hoto ba ce, wallahi ni na fi sonta, hazon yana tace rana kowane launi ya zauna daidai, sai dai ki yayyafa wa ganyen ruwa ƙura ta sauka ki kuma goge gilashin kyamarar da gefen mayafi.

Sai wani ɗalibin aikin gona daga Maraɗi, ya ce malaminsu ya ce hotunansa sun cika hayaniya, ba a gane abin da yake son nunawa.

Ɗan'uwa malaminka ya yi gaskiya, kuma matsalar galibi a bayan shukar take. Kafin ka danna ka duba kusurwoyi huɗun nan, bokiti ne, leda ce, ƙafar wani ce, ka kawar ko ka matsa. Ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da suke raba sikirin gida 9, ka ɗora furen inda layi biyu suka haɗu maimakon tsakiya kullum. Kuma ka durƙusa! Kowa a tsaye yake ɗauka daga sama shi ya sa duk hotunan iri ɗaya ne, ka sauka daidai tsayin shukar sai bayanta ya yi nisa ya dushe ita ta fito ita kaɗai. Kar ka ja hoton da yatsu don ya matso, hatsi-hatsi zai yi, kai ka matsa da ƙafarka amma ka bar kamar santimita 10 tsakani in ba haka ba ba zai kama ba. Ka gwada ganyen gwanda ko na ayaba rana tana bayansa ka gani.

Na ƙarshe daga Daura, ya ce ya daɗe yana son hoton furen kuka amma duk sanda ya je sai ya tarar ya yi ruwan ƙasa ya faɗo.

Malam ai ba ka zuwa a kan lokaci ne. Furen kuka da magariba yake buɗewa, fari ne babba yana reto a doguwar sanda kansa a ƙasa, da dare jemagu ke zuwa shan ruwansa su kai masa barbara, kafin kwana ɗaya ya yi yaushi. Wajen farkon damina za ka nema, ka je dab da magariba ko da asuba gari na wayewa. Ka kashe filashin waya, yana ƙona fari ya bar bayan baƙi wuluk, gara tocila da aka rufa mata farin ƙyalle wani ya haska maka daga gefe. Ka jingina hannunka a jikin wani abu ka sa lokaci na daƙiƙa 3 don kar wayar ta girgiza, in iska na kaɗa furen ka ɗan jira ta lafa.

Sauran saƙonnin da ba mu kai gare su ba sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku ci gaba da aiko mana.