Sansanin yara a bakin kasuwa

Masu sauraro, sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, inda aka shafe shekaru ana kai ruwa rana tsakanin shugabannin ƙungiyoyin 'yan sikawut da iyayen yara, kan sansanonin da ake kai yara idan an yi dogon hutun bazara. Shugabanni na cewa kuɗin kula da wuraren ya fi ƙarfinsu, yara kuma sun ragu. Iyaye da tsofaffin 'yan ƙungiya na cewa amana ce aka bar musu, ba hajar kasuwa ba.

A garin Richfield na jihar Ohio akwai wani fili mai eka 336, da tafkuna da kurmi, wanda a da ake kira Crowell Hilaka. Asalin mafi yawansa gidan gonar James Kirby ne, mutumin da ya yi suna wajen ƙera injin sharar ɗaki, kuma a 1937 ya koma hannun ƙungiyar sikawut ta 'yan mata. Har yau injin da ya gina don samar da wutar lantarki da ƙarfin ruwa yana nan a bakin ruwa, da ƙatuwar ƙafarsa ta katako. Kaka ta kwana a tanti a wurin, uwa ta kwana, jika ma ta kwana. A nan yarinya ke fara koyon hura wuta da itace da tuƙa kwalekwale, ta yi kwanaki ba tare da mahaifiyarta ba, ta gano ashe za ta iya.

To, a 2011 shugabannin yankin suka ce za a sayar. Kafin nan uwar ƙungiyar ta haɗe rassanta, daga 312 suka koma 112, sai aka wayi gari masu yanke hukunci suna zaune nesa da filin da suke yanke wa hukunci. A ganina nan gizo ke saƙar. Wanda bai taɓa jin ƙamshin hayaƙin wurin ba, lissafi kawai yake gani a takarda. Mata suka yi zanga-zanga, suka je kotu, amma hakan bai hana rufe sansanin ba. Daga ƙarshe mutanen Richfield ne suka kaɗa ƙuri'a a 2014, suka yarda a ƙara musu haraji don a sayi filin. Yanzu wurin shaƙatawa ne na kowa da kowa.

Na ƙungiyar maza ya fi ciwo. A watan Fabrairun 2020 ta bayyana wa kotu cewa ta karye, bayan mutane sun yi ta kai ƙarar lalatar da aka yi da su suna yara. Masu neman diyya sun haura 82,000, aka daidaita a kan kusan dala biliyan 2.46, kuma aka ɗora wa rassa su kawo nasu kason. Waɗannan mutane an zalunce su, haƙƙinsu ne a biya su, babu mai imanin da zai yi jayayya da wannan. Amma ana biyan bashin laifin manya da filin wasan yaran da ba su ji ba, ba su gani ba.

Duk da haka akwai hanyar sayarwa da ba ta zama cin amana ba. A Deer Lake da ke jihar Connecticut, wani mai harkar gine-gine ya taya sansanin 'yan sikawut maza da ke wurin a kan dala miliyan 4.6. Jama'ar gari suka tashi tsaye, suka yi karo-karo, suka ci bashi, har wata ƙungiyar sa-kai mai suna Pathfinders ta saye shi a kan miliyan 4.75 a 2022. Abin da ya dame ni shi ne sai da suka yi tsere da mai kuɗi, lokaci na ƙure musu. Kamata ya yi tun ranar da aka fara tunanin sayarwa a kira iyaye da 'yan sa-kai, a buɗe musu littafin kuɗi, a ba su wa'adin da za su iya tara abin saye kafin a kira dillali.