Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista Daga Tsofaffin Ɗaliban Kwalejin Barewa, Zariya

Assalamu alaikum.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, a madadin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta muna yi maka barka da zuwa, da kai da tawagarka. Ayyukanka sun riga ka isowa Zariya, ba sai mun tsaya lissafa su ba. Mun gode da ka ture hidimomin gabanka ka tako ƙofarmu. Za mu faɗi buƙatarmu tun yanzu don kada dogon bayani ya binne ta: muna roƙon a gina mana ɗakin tarihi a harabar makarantar nan.

Yallaɓai, a Katsina aka haifi makarantar nan a 1921, domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ta yi ƙaura zuwa Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, sai a 1971 ta samu sunan Barewa. Kowane ɗalibi da lambar shigarsa, kuma har gobe da ita muke gane babba da ƙarami a tsakaninmu, ko da ƙaramin ya zama gwamna. Ɗalibi mai lamba 145 wani yaro ne daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya fita ya yi malanta, daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya, na farko kuma na ƙarshe. Sardauna Ahmadu Bello ya riga shi shiga. Bayansu Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammad, Alhaji Shehu Shagari da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun riƙe ƙasar nan. Shugabanni biyar ke nan, ban da Firimiyan Arewa. A nuna mana makarantar da ta yi haka!

Kuma ba masu mulki kaɗai ta yaye ba. Malam Aminu Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da zaluncin masu mulki, ɗanta ne, haka Malam Sa'adu Zungur. Alhaji Abubakar Imam, da ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, shi ma a Katsina ya yi. Ta ba Kotun Ƙoli alƙalan alƙalai, Muhammad Bello da Muhammadu Lawal Uwais. Ta ba Sakkwato Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Ta kuma zubar da hawaye: a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ta rasa Ɓalewa da Sardauna da Birgediya Zakariya Maimalari, bayan shekara goma aka harbe Murtala a Legas.

To, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Yaron da ke kwana a gidan kwanan ɗalibai na Bello Kagara ko Nagwamatse ko Suleiman Barau a yau, sunayen nan kawai yake ji. Hotunan mutanen nan, wasiƙunsu, littattafan da suka yi rubutu a ciki, da yawa suna warwatse a gidajen iyalansu. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin nan ya buɗe adakar mahaifinsa bayan rasuwarsa, ya tarar gara ta cinye rabin hoton ajinsu. Kawuna sun tafi, sai ƙafafu da gindin kujeru suka rage. Ya zauna ya yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Dattawan da za su kalli hoto su ce wannan wane ne, wancan ɗan gidan wane ne, kullum raguwa suke yi. Duk jana'izar da muka je, da wani shafi na tarihinmu ake rufe kabarin.

Mun sha kai kukan nan wurare da dama. An karɓe mu hannu bibbiyu, an yaba da shawarar, an ce za a duba. Makaranta ta cika shekara 100 a 2021, an yi taro an watse, kukanmu yana nan inda yake. Ginin farko na Katsina ya zama gidan tarihi na ƙasa, muna alfahari da haka, amma yaranmu a Zariya suke karatu, kuma a nan ya kamata su gani da idonsu.

Akwai sauran buƙatu, kamar ƙarin littattafai da tallafin karatu ga 'ya'yan talakawa masu hazaƙa, mun rubuta su a takardar da za mu miƙa maka. Amma in ɗaya za a ɗauka, Yallaɓai, a ɗauki ɗakin tarihin. Ginin kawai muke nema, da ma'aikacin da ya san aikin adana takardu. Tattaro kayan kuwa namu ne, gida-gida za mu bi, daga Maiduguri har Ilori.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai gida lafiya, ya kuma dawo mana da kai ranar aza harsashin ginin.

Kwamitin Tarbar Baƙi,
a madadin tsofaffin ɗalibai