Kududdufan Bakin Teku: Ruwan da Wata Ke Juyawa

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya tashi a Argungu ya san abin da kogi ke yi bayan damina: ruwa ya ja baya, ya bar kududdufai a fadama, kifi ya maƙale, yara su bi shi da homa. Mu nan abin shekara-shekara ne. A gaɓar teku mai duwatsu kuwa, a yawancin wurare sau biyu ake yin haka kullum.

Wata ne ke wannan aiki. Yana jan ruwan teku, rana ma na ja, amma nata jan bai kai rabin na wata ba. Daga cikar ruwa zuwa janyewarsa awa 6 ne da 'yan mintoci. Kuma kamar yadda wata ke ƙara latti kowane dare kafin ya fito, haka cikar ke ƙara latti da kusan minti 50 kullum. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, ruwan kan cika fiye da kima, ya kuma janye da nisa. Ranakun nan ne mai son kallo ke fita, don duwatsun da ke ɓoye sai su bayyana.

A Legas bambancin cika da janyewa wajen mita 1 ne. A mashigin Fandi na Kanada yakan kai mita 16. Gaɓarmu ta Najeriya yawanci rairayi ce da laka, sai an je irin su Limbe a Kamaru, mai baƙaƙen duwatsu, a ga abin sosai.

To, ku dubi wannan rami da ruwa ya bari. Kwance yake lumui, amma zama cikinsa wahala ce. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35. Rana ta buga, ruwan ya ɗau zafi, ya ƙafe, gishirin ya ƙaru. Ruwan sama ya sauko, ya salance. Da dare gansakuka ta daina ba da iskar shaƙa, numfashi ya yi wuya.

Ga wannan 'yar katantanwa mai siffar malfa. Ruwa na rufe dutse, sai ta fita kiwo, tana kankare gansakuka. Kafin ya janye ta koma daidai gurbinta, inda bakin ƙoƙonta ya ci dutsen har suka dace, ta manne, ta riƙe ɗan ruwanta a ciki. Kada ku ɓamɓare ta. Can kuma wani abu mai kamar fure, amma dabba ce, hannuwanta na harbin ƙananan halittu. Da ta ji iska sai ta dunƙule. Ƙaguwa dai sarkin wayo, ƙarƙashin dutse take shigewa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tauraron teku, wata dabbar ruwa mai siffar tauraro. A 1963 wani masani, Robert Paine, ya riƙa ɗebe su daga wani dutse a gaɓar jihar Washinton ta Amurka yana jefarwa cikin ruwa. Ƙananan dabbobi masu ƙumba da taurarin ke ci suka yawaita, suka mamaye dutsen, nau'o'in halittu suka ragu daga 15 zuwa 8. Ashe mafarauci ɗaya ne ya hana wani cinye fili.

Idan Allah ya kai ku, ku duba jadawalin cikar ruwa, ku isa awa guda kafin ya gama janyewa. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, gansakuka na da santsi. Kada ku juya wa teku baya, igiyar ruwa ba ta sallama. Dutsen da kuka ɗaga ku mayar da shi yadda kuka same shi, domin na ƙasansa rana na kashe su.